Kallon Tseren Mota Washegarin Rasuwar Yaya

Ranar Juma'a aka kira ni daga Kano aka ce Yaya ta rasu. Ina tsaye a ƙofar sito a Deira, can ƙasar Larabawa, ina naɗe kwalin wani Alhaji da salatif, waya maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa. Mijinta ne ya kira. Ya ce ciwon sukarin nan ne ya tashi da asuba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ce Allah Ya jiƙanta, na ƙarasa naɗe kwalin na rubuta masa lamba.

Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, a ɗakinta na girma. Amma maganar tafiya gida ba ta ma taso ba. Fasfona yana wajen sabunta biza, ko da kuma yana aljihuna, kafin jirgi ya sauka an daɗe da dawowa daga maƙabarta.

A lokacin ina zaune a wani flat na haya a unguwar Abu Hail tare da abokina, mutumin Agadez, mai tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Yana yaro motocin tseren Turawa suka taɓa ratsa garinsu, tun daga nan abin ya shiga ransa. Ya daɗe yana damuna da maganar wani tsere da za a yi a cikin rairayi a bayan gari, ranar Asabar ɗin nan. Ya ce kallo kyauta ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai kyautar tana can inda bas ba ya zuwa. Sai an ɗauki hayar jif da direbanta, a sha mai, a sayi ruwa da abinci, sannan a yanke wa mutum kuɗin yini a wajen aiki. Da na tara rabona sai na ga ya kusa abin da nake aikawa gida a wata. Na biya ne don kunyarsa.

Da yamma na faɗa masa rasuwar. Ya zauna a bakin gado ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, tafiyar gobe mu fasa."

"Direban zai dawo mana da kuɗin?"

"Ba zai dawo da shi ba. Ba komai, khalas, shi ke nan."

"To mu je."

Ya dube ni yana jiran in ƙara wani abu. Ba don kuɗin na faɗa ba. Na dai rasa abin da zan yi da Asabar ɗin ne idan na zauna a ɗaki.

Bayan sallar asuba direban ya zo, wani ɗan Pakistan mai furfura a gemu. Muka bar dogayen gine-gine a baya, titi ya miƙe, aka fara ganin raƙuma a bayan shinge. Inda kwalta ta ƙare ya tsaya ya rage iskar tayoyi, ya ce mu riƙe da kyau. Motar ta dinga hawa tudun rairayi tana gangarowa a karkace. Abokina yana dariya yana kama kujera, sai ya tuna da ni ya daina. Na ce masa ya yi dariyarsa.

Wajen kallon wani tudu ne da aka kewaye da jan zare. Akwai Larabawa da suka kafa rumfa da kujeru da butar gahawa, akwai Turawa da manyan kyamarori. Mu tabarmar roba muka shimfiɗa a inuwar jif. Wani mai rigar aiki mai walƙiya ya zo ya ce kada kowa ya tsallake zaren. Daga nan sai jira. Rana ta ɗaga, rairayin ya fara ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Na ci burodi da ƙwai saboda an miƙo mini.

Idan na hau saman tudun, waya tana samun sabis. Na hau sau ɗaya, saƙonni suka shigo a jere, 'yan'uwa da abokan makaranta da maƙwabta, kowa yana cewa ya haƙuri. Akwai hoton ƙofar gidanta, maza zaune a kan tabarmi, na gane shuɗiyar butar alwala da ke jingine da bango. Na amsa wa kowa da amin na gode. Na sauko.

Babura ne suka fara wucewa, ɗaya bayan ɗaya, mahayan a tsaye a kansu. Can sai jirgi mai saukar ungulu ya bayyana, mutane suka miƙe. Ƙarar motar farko ta riga ta isowa, na ji ta a ƙirjina. Sai ga ta ta faso saman tudun da ke gabanmu, tayoyinta duka a sama, ta dira, ta watso mana rairayi, ta ɓace. Kafin in gane launinta an gama. Abokina ya riƙe kafaɗata yana girgiza ni.

"Ka gani? Ka ga yadda ta tashi?"

"Na gani."

Na gani ɗin kuwa. Na san abin mamaki ne, kamar yadda mutum mai mura ya san miya ta yi daɗi don ya ga ana santi. Aka sake zaman jira, wata ta zo ta wuce, aka sake zama. Haka yinin yake.

Bayan azahar wata farar mota ta hau tudun a karkace ta kife, ta mirgina har ƙasa. Mata suka yi ihu, masu rigar aiki suka ruga. Ni ina tsaye da gorar ruwa ina kallon taya ɗaya da ke ta juyawa a sama. Mutum biyu suka rarrafo ta taga, suka cire hular kwano, ɗayansu ya ɗaga hannu, aka yi ta tafi. Direbanmu ya ce alhamdulillah. Na maimaita bayansa.

Da abokina ya tafi ɗaukar hoton motar, direban ya matso kusa da ni. Ashe an faɗa masa rasuwar. Cikin guntun Larabcinsa da Turanci ya ce shi ma a waya ya ji rasuwar mahaifinsa, yana kan hanya da fasinja, sai da ya kai su inda za su. Na tambaye shi yaushe ya yi kuka. Ya ce ya jima, wata rana yana wanke mota ne abin ya zo. Ya zuba mini shayi a murfin fulas, muka sha muna kallon inda babu komai.

Magariba ta yi mana a hanya. Da muka hau bene muka tarar da takalma a ƙofar flat. 'Yan Kano ne na kasuwa suka zo mini ta'aziyya, wani maƙwabci ya buɗe musu, sun zauna tun la'asar. Babbansu dattijo ne da ya san mahaifinmu. Na durƙusa na gaishe shi, rairayi yana zuba daga naɗin wandona a kan kafet.

"Ina ka shiga haka? Muna ta kira ba ta shiga."

"Baba, kallon tseren mota na je."

Abokina ya fara bayani, yana cewa laifinsa ne, dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana duban fuskata, wadda rana ta ƙona.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"To zauna."

Na zauna a gefensa. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ya ambaci sunanta da na mahaifanmu, kowa yana amin. Ni ma ina cewa amin. Kunnuwana ba su daina jin ƙarar injin ba, sai na matsa kusa da shi don in ji abin da yake faɗa.