Katin da Aka Ɓoye wa Mai Kunne

"Har yanzu bai sani ba?"

"Rage murya mana, yana ciki."

"Ke ma dai. Mutumin da sai an daka masa tsawa yake juyowa? Shekara uku ke nan fa da cire masa saifar."

"Yaya ne ya ce a bari. Wai in ya ji, zuciyarsa za ta karye."

"To katin asibitin fa?"

"Yana ƙasan akwatina."

Matarsa ce da matar yayansa suke wanki a bakin taga, da hantsi. Shi kuwa yana kwance a ɗaki, ya danne mataccen kunnensa na hagu da matashi, na daman yana sama. Bai tashi ba, bai yi tari ba. Sai da ya ji an zubar da ruwan ɗauraya tukuna ya kai hannu ya shafa doguwar shaidar ɗinkin da ke cikinsa.

Mai Kunne ake ce masa a bakin titi, kuma ba zolaya ba ce. Shekara ashirin da huɗu yana facin taya a rumfar kwano kusa da tashar manyan motoci. Sauran masu faci sai sun tsoma robar ciki a bahon ruwa suna jiran kumfa. Shi sai ya ba ta iska, ya kara a kunne yana juyawa, duk da ƙugin motoci da hayaniyar direbobi, ya ɗora yatsa ya ce, "Nan." Bahonsa wanke hannu kawai yake yi da shi. Direbobi har tsokanarsa suke, wai kada a yi gulma a tashar nan, Mai Kunne yana jin numfashin sauro.

Wata ranar Talata yana ba tayar tirela iska, zoben ƙarfen da ke riƙe ta ya ɓalle ya same shi a haƙarƙarin hagu. Ya farka a gadon asibiti da ciki a ɗaure. Yayansa, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu kuma shi ya sa hannu a takardar tiyata, ya sunkuyo ya ce, "Ɗan jini ne ya taru, sun kwashe sun ɗinke. Ka gode wa Allah." Da likita ya zo bayani, Yaya ya ja shi waje. A gidansu haka ake yi: babba ke karɓar mummunan labari, ya tace, ya ba mara lafiya abin da zai iya haɗiyewa. Mahaifiyarsu ma har ta rasu ana ce mata gyambon ciki ne. Mai Kunne da bakinsa ya taya faɗa mata.

Ya warke ya koma rumfa. Bayan wata goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama shi. Ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ƙwaya biyu daga kantin magani, ya ɗauki guduma, ya ce gumi zai kore shi. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta tare hanya.

"Malam, don Allah mu je asibiti."

"Saboda ɗan zafin jiki? Ke kin cika tsoro."

"Jikinka ba kamar da ba ne."

"Me ya same shi?"

Ya tuna wannan sarai yanzu, yadda ta kalli ƙasa ta matsa gefe ya wuce. Kwana biyu bayan haka aka kwashe shi daga rumfa wuya a sandare. Sanƙarau. Ya tashi, amma kunnen hagu bai tashi tare da shi ba, na daman kuma ya rage kamar ana magana ta bayan bango. Ranar da ya fara tsoma roba a baho, mai facin da ke tsallaken titi ya leƙo ya ce, "Ashe kai ma ka shigo cikinmu?" Ya yi dariya tare da su. Direbobi ba su daina kiransa Mai Kunne ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Da la'asar, a ranar da ya ji hirar wankin, ya je shagon Yaya. Ya same shi a kan benci yana duba waya.

"Yaya, ina saifata?"

Yaya ya ajiye wayar a hankali. "Mata ko? Bakinsu ba ya rufuwa."

"Tambayarka na yi."

"Ta fashe, sun cire. Da ba su cire ba da yanzu wani zance ake. Mutane nawa ke yawo babu ita? Na san halinka, da na gaya maka da ka kwanta ka ce ka zama rabin mutum."

"Yanzu cikakke ne ni?"

"Ka ga, ni alheri na nufa."

Mai Kunne ya daɗe yana kallon furfurar da ke gemun yayansa. Bai taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ya kasa. Ya ce a huta lafiya, ya juya. In Yaya ya ƙara wata magana, ta ɓangaren hagu ta biyo.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kayan da suka bushe. Ya zauna a bakin gado.

"Ɗauko akwatinki."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta fito da zannuwa, ta fito da takardar gama sakandarenta, can ƙasa ta zaro wani kati ruwan ɗorawa a cikin leda. Ko lanƙwasa babu.

"Kin karanta shi?"

"Na haddace shi, Malam. An rubuta duk zazzaɓin da ya kama ka, a kai ka asibiti a ranar. Da alluran rigakafin da za a yi maka. Na je wurin Yaya sau uku, ya ce in na faɗa, duk abin da ya same ka ni ce."

"Alluran an yi?"

Ta girgiza kai.

Ya karɓi katin ya juya shi. Karatunsa bai wuce lambar taya ba. Tun safe yake jin ɗan sanyi-sanyi a gaɓoɓinsa, irin wanda jiya ma da guduma zai amsa masa. Ya miƙa mata katin, ya juyar da kai.

"Zagayo ta dama. Karanta min tun daga sama, da ƙarfi, kar ki tace min komai."