Farantin Talata

A garinmu mace ba ta zuwa taro hannu rabbana. Ko baftisma ce, ko jana'iza, ko taron iyayen yara, kowacce da farantinta, kuma a gindin kowane faranti akwai ɗan salatif da sunan mai shi, don in an watse kowa ya gane nasa. Noelene Pascoe ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa ma'aikatan kamfanin madara abinci, amma ba da wannan aka san ta ba. Da kek ɗinta aka san ta, da kuma cewa farantinta bai taɓa kwana a waje ba, in ban da sau ɗaya.

Ɗa guda Allah ya ba ta, Rowan. Yana da shekara goma sha biyar ubansa, Merv, ya tsinci wata wasiƙa a aljihun wandonsa. Rowan ne ya rubuta wa wani yaro ɗan ajinsu, kuma ba wasiƙar abota ba ce. Merv mutum ne da ya fi sakin jiki da shanu a kan mutane, saboda haka maimakon ya tunkari ɗansa, sai ya nufi wurin fasto. Fasto ya ce kada ya damu, abin yana da gyara. Aka sa ranar Talata, bayan an tashi daga makaranta, a ƙaramin ɗakin da ke bayan zauren majami'a, fasto da dattawan majami'a biyu za su zauna da Rowan.

Ba wanda ya nemi shawarar Noelene, ita ma ba ta tambayi komai ba. Abin da ta sani shi ne zama za a yi a majami'a, zama kuwa sai da faranti. Duk Talata da safe ta gasa kek ta kai firijin zauren, da yamma ta raka ɗanta har bakin ƙofa, ta shige kicin. Bangon da ke tsakani katako ne. In muryoyin dattawan suka ɗaga, in ta fara jiyo ta Rowan yana maimaita abin da aka ce ya maimaita, sai ta buɗe famfo ta hau wanke kofunan da ba su da datti.

In an fito, fasto ya goge gumi ya ce, "'Yar'uwa Noelene, wannan kek naki ko mala'iku sai sun nemi ƙari." Sannan ya juya wajen yaron. "Ci mana, Rowan. Mahaifiyarka ta sha wahala." Rowan ya karɓa ya ci, idanunsa jajur.

Wata goma sha huɗu aka yi ana haka. Ranar ƙarshe yaron ya faɗi abin da ake son ji, ya ce ya warke, dattawa suka rungume shi. Noelene ta dube shi, ta ga babu kowa a cikin fuskar nan. Ta koma gida ta manta da farantin, kuma ba ta taɓa komawa nemansa ba.

Yana cika shekara goma sha takwas ya hau jirgin ƙasa zuwa Melbourne. Daga nan sai waya ranar Kirsimeti, minti biyar, a yi maganar ruwan sama a rabu. Ya zo jana'izar ubansa, ya tsaya a baya, bai taɓa komai a teburin abinci ba.

Ranar da rediyo ya ce majalisar jiha ta haramta irin wannan zaman na sauya yara, Noelene tana goge firiji. Ta tsaya da tsumma a hannu tana jiran ta ji wani abu, daɗi ko tsoro ko kunya. Babu abin da ya zo. Ta ci gaba da gugarta.

Can bayan watanni wayar gidan ta yi ƙara, kuma ba Kirsimeti ba ce.

"Mama, ni ne."

"Lafiya dai? An yi muku ruwa?"

"Ba ruwa na kira ba, Mama. Akwai hukumar da ke sauraron mutane irina. Na je na ba da labarina. Dokar ba ta kama abin da ya wuce, ban ce a ɗaure kowa ba. Faston ma ya mutu. Amma na rubuta wa majami'a, sun ce su ba su san an taɓa yin wani zama a ɗakin nan ba. Mutum ɗaya nake so ya ce an yi."

Ta ce, "Ni a kicin nake, Rowan."

"Na sani. A lokacin ina jin ƙarar famfon."

Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. Ki huta da jiran wayar Kirsimeti." Ya ajiye. Ta san ba barazana yake yi ba, Rowan bai iya ta ba. Ta san kuma ɗan nan ɗaya da take da shi yana dab da kuɓuce mata gaba ɗaya. Duk da haka ta soya ƙwanta ta ci, ta wanke kwano.

Ana nan sai aka sa zauren majami'ar a kasuwa, don masu zuwa ibada ba su kai cikin mota ɗaya ba. Ƙawarta Glenys ce ta kwashe kabad ɗin kicin. Wata safiya sai ga ta a ƙofa da faranti mai shuɗin baki.

"To, sarkin tsari! Ke da kike zagin mu a kan mantuwa, shekara ashirin da biyar naki yana ƙarƙashin tarkace. Yau dai na kama ki."

"Ba nawa ba ne."

"Ke dai faɗi wata. Juya ki gani, tsohuwar banza."

Ta juya. Salatif ɗin ya yi ruwan ƙasa, amma rubutun bai goge ba, kuma hannunta ne. Ta manta sarai cewa ba suna kaɗai take rubutawa ba. Matan ƙungiyar ɗinki suna da ɗan hali, in suka ga kek a firiji sai sun yanka, shi ya sa ta ƙara musu gargaɗi: N. Pascoe. Na zaman Rowan, Talata. Kada a taɓa.

Glenys ta karanta ita ma, dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Wayyo, Noelene."

Washegari Noelene ta fito da gari da ƙwai da sukari, don ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana, ko da ɗanka ne. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta mayar da kowanne mazauninsa. Ta naɗe farantin a tawul, ta hau jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai zuwa Melbourne. Awa uku tana kallon shanu ta taga, zuciyarta shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Wani dogon mutum mai furfura ya buɗe mata ƙofa. Ya ce sunansa Tevita, ita kuwa ba sai an gaya mata cewa abokin zaman ɗanta ne ba.

"Sannu da zuwa, Mama. Shigo, ana sanyi."

Rowan ya fito daga ciki, sanƙon ubansa a kansa. Ya ga abin da ke hannunta, fuskarsa ta ɗaure.

"In kek ne, Mama, ki mayar."

Ta kwance tawul ɗin.

"Ai babu komai a ciki," in ji shi.

"Juya shi."

Ya juya. Ya daɗe yana karanta 'yan kalmomin nan.

Ta ce, "An yi. Wata goma sha huɗu. Na ji, na buɗe famfo. Ka kai ni wurin mutanen nan in faɗa musu." Muryarta ba ta yi rawa ba, kamar mai karanta sanarwa a majami'a, kuma wannan ya ba ta haushin kanta.

Rowan bai rungume ta ba. Ya ajiye farantin a kife a kan tebur, ya je ya ɗora butar shayi. Yana ba ta baya ya ce, "Har yanzu cokali biyu na sukari?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da likita ya hana ta sukari.

Ta ce, "Eh, biyu."