Aljihun Baba Mai Lambu

Kafin yara su fita makaranta, Baba Mai Lambu ya riga ya jingine kekensa a ƙofar wani gida a layinmu, yana durƙushe cikin ƙasa. Shekara da shekaru shi ke kula da ɗan lambun kowane gida. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, zai ajiye fartanya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwanintarsa tana ga dogon jan furen nan da ake binne kansa mai kama da albasa. In fure ya bushe, ba ya bari a taɓa ganyen sai ya kwanta don kansa, wai a lokacin ne kan yake ƙoshi. Sannan ya tono, ya shanya a inuwa, ƙananan 'ya'yan da ke manne a jiki kuma ya zuba a aljihu. Mun sha tsokanarsa cewa aljihun ya fi cikinsa ƙiba. Dariya kawai yake yi.

Bara ruwa ya kwanta a lambun Inna, dattijuwar da ke ƙarshen layi. Furenta marigayi mijinta ne ya shuka da hannunsa, kusa da furen take ajiye kujerarta kullum. Da Baba ya tono kawunan, duk sun ruɓe. Inna ta mayar da kujera ɗaki, ta daina fitowa. Abin ya taɓa mu ƙwarai.

Washegari Baba ya ɗauki kwano ya bi gida gida yana tono. Ashe jan furen da kowannenmu ke taƙama da shi daga aljihun nan ya fito, asalinsa kuma lambun Inna. Ya dire mata kwanon a gaba.

"Inna, jikokin furen marigayi ne. Shi ya ce in riƙa raba wa maƙwabta. Yau sun dawo gida."

Baba, kai ne mai hannun albarka. Ka raba abin da ko kallo bai ishe mu ba, ranar da aka rasa sai ga shi a kowane gida. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma, duk mai wani abin kirki a gidansa ya ɗiba wa maƙwabci.

Bana furen ya buɗe jawur a lambun Inna. Inna ta fito da kujerarta, ta sa an kawo ta biyu domin Baba.