Ƙwayar da Sa'adatu ta Daina Sha

Har gobe ina tuna ranar da aka kawo Sa'adatu daga Kurni, lokacin ina ɗalibar aikin jinya, ina koyon aiki a wani gidan likita a Matameye. Da ƙarfe goma da minti goma na safe na auna tansiyonta, wato ƙarfin bugun jininta, na ga ya faɗi ƙasa sosai. Na sake aunawa, sannan na kira Manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya.

Masassarar cizon sauro ce ta kawo ta, an kuma fara magani, ga ƙarin ruwa yana tafiya. Amma amai bai tsaya ba, ko zama ta kasa. Da lokotoro, wato likita, ya zo ya daɗe yana kallon fuskarta da ta yi kumburi, da jajayen layuka a damatsanta. Ya ce, "Malama, kina shan ƙwayar ƙiba?" Ta girgiza kai.

Uwar mijinta, Hajiya, ta karɓe zancen: "Haba likita, hutu ne. Ɗana bai rage ta da komai ba."

Lokotoro bai yi gardama ba. Ya sa aka yi mata allurar kwartizon, ya ja mu waje ya yi mana bayani. Bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin da ke riƙe tansiyo idan ciwo ya zo. Wanda ya daɗe yana shan dekiza, ƙwayar da ake sayar wa mata a kasuwa don su yi jiki, tsokokin nan sai su bar aiki. Ranar da ya daina gaba ɗaya, jiki ba shi da madafa. Ya ce, "Allurar za ta tashe ta. Amma in ba ƙwaya ba ce, sai a kai ta Damagaram a duba ko ƙari ne. In kuwa ita ce, ta ɓoye mana ta koma gida, wata masassarar na iya tafiya da ita."

Manjo ya gwada tambayarta da wasa, ya gwada da faɗa, shiru. Da azahar na yi ta maza na ce a bar ni in gwada. Ya yi dariya: "Ke da gaisuwarki ma sai an kasa kunne?"

Na ɗebo ruwa a bokiti na ce, "Hajiya, zan goge mata jiki." Na san suruka ba ta zama a ga haka. Ta ɗauki butarta ta fita.

Ina goge wa Sa'adatu hannu ina faɗa mata abin da lokotoro ya ce, a hankali. Ban tambaye ta ko tana sha ba. Na ce, "Yaya, yaushe kika daina?"

Ta ce, "Ranar da masassara ta fara. Tsoro na ji kar in haɗa magani biyu." Tun bayan haihuwarta take sha, don an yi ta cewa ta rame.

Lokotoro ya tsara mata yadda za ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, Hajiya kuwa aka ce mata maganin tansiyo ne za a ci gaba da shi. Ku da za ku shigo aikin nan, daga ranar na gane cewa kafin a tambayi mace ciwonta, a fara duba wa ke zaune a ɗakin.

Ranar sallama ta fito da ƙafarta. Na raka ta ƙofa, na ce, "Yaya, me ya sa ni kika gaya wa?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Kowa ido ya zuba mini. Ke kuwa na ga kin fi ni jin kunyar tambayar."