Baffa Ilu Ya Ce Da Sauƙi

A gidanmu na Jakara, da an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya takan jawo tabarma bakin murhun da aka sauke tuwo, mu kewaye ta don jin tatsuniya. Duk yara ne mu, ban da Baffa Ilu, autanta. Gemu ya cika masa fuska, amma wayonsa bai wuce namu ba, haka aka haife shi. Da Iya ta ce, "To, ga ta nan tafe," shi yake riga kowa amsawa, ya kuma ture ni daga jikinta. Sai ta ce da ni, "Yi haƙuri maigidana. Kai da ko goro ba ka saya min, ina kai ina gefen zanena?"

Akwai tatsuniyar da take maimaitawa har muka gaji da ita. Wai kunkuru ne ƙaya ta shige masa ƙarƙashin ƙoƙon baya. Ya je wurin wanzamin dawa, ya tarar kura na kururuwa, biri na birgima, akuya kuwa ba a magana. Wanzami ya bi masu kuka ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan kunkuru ya ce, "Yaya jiki?" Kunkuru, sarkin ladabi, ya ce, "Da sauƙi." Aka sallame shi. Uwarsa ce ta lura yana rage abinci, ta juya shi rigingine, ta zare ƙayar.

Na taɓa tambayarta, "Iya, in uwar ba ta nan fa?"

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. "Kai dai ka cika surutu. Ku tashi, ta ƙare."

Ita ta koya wa Baffa gaisuwa, da ƙyar da jiɓin goshi, don kada a raina shi a zaure. In an ce ina kwana, lafiya lau. In an ce yaya jiki, da sauƙi. Ita kam ba ta tambayarsa. Kwanonsa take dubawa, da yanayin tafiyarsa.

Lokacin da ta rasu ina da iyali, sai riƙonsa ya dawo hannuna. Ya fara rama, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sau uku ina kai shi asibiti. Mu kama layi da sassafe, mu shiga da azahar, likita ya riga ya gaji. "Malam, yaya jikin?" Baffa ya gyara hula, ya washe baki. "Da sauƙi, alhamdu lillahi." In na sa baki, a ce in bar mara lafiya ya yi bayani. Allura na firgita shi, ba kuma mai lokacin lallashi, don haka ba a taɓa ɗibar jininsa ba. Maganin zazzaɓi muke komawa da shi. A zuwa na huɗu, a kwance muka kai shi. Likitoci suka ce ciwon suga ne, har ya taɓa ƙoda, suka tambaye ni me ya hana in kawo shi da wuri.

A zaman makokinsa kowa cewa yake, "Ai ɗan Aljanna ne, irinsu dama ba sa daɗewa." Ina amsawa da "Haka ne," raina na ƙuna. Sai yanzu na gane wasiyya Iya take bari a hannun yara masu gyangyaɗi. Na ji, na haddace, amma har yau ban san ƙofar da ya kamata in buga ba. Shekara arba'in da uku ya yi a hannun tsohuwar da ba ta san ko bihim ba. A hannuna, ni da na yi boko, bai cika biyu ba.