Tef ɗin Umma da Wutsiyar Ƙadangare

Doka ɗaya ce a gasar kimiyya ta makarantu ba a yi mata gardama: kowane mutum-mutumi sai ya shige cikin wani akwatin katako mai santimita talatin ta kowace fuska, murfi ya rufu ruf, kafin a bar shi ya taɓa turken da zai hau. Bayan an fito da shi, in ya ga dama ya miƙe ya kai tsawon raƙumi, ba ruwan kowa. Malamarmu ta kimiyya ta karanta mana takardar sau uku, ta manna ta a bango. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni 'yar tela ce, da awo aka yaye ni.

Mu biyu ne daga makarantarmu, duk 'yan ajin ƙarshe: ni da ƙawata 'yar unguwar Mafoni, wadda iyayenta mutanen kudancin Borno ne. Ni kuma 'yar Kano take ce mini, don can ne asalinmu. Ita ke da wayar lantarki da batir da surutu. Ni ke da yanka da ɗauri da awo. Wata biyu muka yi muna haɗa shi: injin motar wasan yara, tayoyin roba huɗu masu rungumar turke, sai wutsiya ta ƙarfen tsohuwar laima da ke tokare shi kada ya kife ta baya. Ƙarfen laima yana da gaɓa a tsakiya, sai na naɗe gaɓar da salatif don ta tsaya sak. Ƙadangare muke ce masa, saboda in yana hawa gyaɗa kai yake yi.

Ni ba jaruma ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Tun shekarar da ruwa ya shigo gari, muka wuni a kan rufin maƙwabta a unguwarmu Lamisula ni da Umma muna kallon kayan mutane suna wucewa, ko kujera na taka sai ƙafata ta kama rawa. Ƙofa ta bugu da ƙarfi, sai in nemi bango. Ƙawata ta ce ai shi ya sa na shiga gasar, na samu mai hawa a madadina. Ban musa ba.

Cikin 'yan abubuwan da muka tono daga laka bayan ruwan har da tef ɗin awon Umma. Ta wanke shi, ta ɗinka masa wani ƙyallen atamfa shuɗi wajen lamba shida. Ni a zatona naɗe wurin ta yi don ya yi ƙwari. Da shi na auna ƙadangare, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Kullum ashirin da tara. Har ina yi wa ƙawata gori cewa na bar mana santimita guda ta alfarma.

Ranar gasar muka shiga keke mu uku da Malama, ƙadangare a cinyata cikin kwalin taliya. Zauren ya cika da makarantu. Mai duba awo wani dattijo ne mai farin gemu, Hausarsa da harshen Barebari.

“Wushe, wushe,” ya ce, sannunsu ke nan. “Ku sa ɗanku a ɗaki mu gani.”

Na sa shi. Kai ya shiga, ciki ya shiga. Wutsiya ta tsaya a waje tana kallon jama'a.

Na juya shi ta gefe. Na karkata shi. Murfi ya ƙi.

“Baba, akwatin nan naku bai motse ba kuwa?” in ji ƙawata. “Katako fa yana shan iska.”

“Fero,” ya ce, haka suke kiran yarinya, “makaranta bakwai sun kwana a ɗakin nan yau. Naku ne ya ci tuwo da yawa.”

Na zaro tef daga aljihu, na auna a gabansa. Ashirin da tara. Ya ɗauko rular ƙarfe ya shimfiɗa kusa da tef ɗina. Daga ɗaya zuwa shida suna tafiya tare kamar 'yan biyu. Daga ƙyallen shuɗin nan kuwa sai tef ya ja baya da yatsa biyu cur. Ashe tsinkewa ya yi a laka, Umma ta yi masa ƙari.

“Minti goma,” in ji dattijon. “In murfi bai rufu ba, ku zama 'yan kallo.”

Muka koma gefe. Wasu 'yan makarantar maza suna ta miƙo mana shawara kyauta: a yanke, ai ƙadangare ya saba rasa wutsiya. Malama ta riƙe haɓa ta ce, “Ƙadangaren bakin tulu ke nan. Mu yanke ya faɗo, mu bari a kore mu.” Gaskiyarta. Mun gwada shi da gajeriyar wutsiya a makaranta, taku uku ya yi ya dawo ƙasa da ƙeya.

Ni dai lissafi ɗaya nake yi. Wata biyu na ƙawata, da kuɗin batir da Malama ta cire daga jakarta, duk na zubar saboda bakin 'yar tela. Ƙawata ta riga ta ɗauko filaya.

“Ke, 'yar Kano, ki daina rawa ki riƙe min shi. In za mu faɗo mu faɗo daga sama.”

Ganin filayar ne ya tuna mini da Umma. In aka kawo mata siket ɗin makaranta ya yi wa yarinya tsawo, ba ta yarda ta sa almakashi. Kalmasa shi take yi, ta ce gobe yarinya za ta miƙe.

“Kar ki yanke,” na ce. “Ba ni robar kanki.”

“Robar me?”

“Ta gashinki. Yi sauri!”

Ta fizge ta, gashinta ya tashi kamar an tsorata shi, tana ce mini in muka faɗi sai na biya ta kitso. Na warware salatif ɗin gaɓar laimar da haƙori. Na ɗaura robar ta bayan gaɓar, na kalmasa wutsiyar zuwa ƙarƙashin ciki. Na saki. Ta miƙe fat, ta mari Malama a hannu.

Muka koma wurin dattijon. Na naɗe wutsiya, na tura, na rufe. Ya danna murfin da yatsa ɗaya. Ya sake karanta takardarsa, leɓensa yana motsi. Sai ya buɗe, wutsiya ta yi tsalle ta kusa tsone masa gemu.

“Doka ta ce ya shiga,” ya ce. “Ba ta ce ya ji daɗin zama ba. Ku wuce.”

Ƙadangare ya hau. A hankali, yana gyaɗa kai kamar mai gaida surukai, amma ya hau har ya taɓa ƙararrawar da ke saman turken. Ban ga wannan da idona ba. Da zauren ya ɗauki ihu sai na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur, hannu a ka, ƙawata tana jan hijabina tana cewa, “Fito, murna ake yi, ba gudu ba!” Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu zo na biyu ba.

Da la'asar na tarar da Umma a kan keken ɗinki. Na ajiye mata tef na ce ƙarya yake yi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Daga ina kika fara awon?”

“Daga ɗaya mana, Umma.”

“To ke ya yi wa. Ni daga goma nake farawa, in cire goma. Da kin tambaya.”

Ta rataya shi a wuya, ta ce in miƙo mata almakashi. Da ta ga almakashin yana rawa a hannuna, sai ta fasa karɓa, ta riƙe hannun ta ce in zauna tukuna in ba ta labari daga farko.