Farcen Maigidana

Shekara goma sha ɗaya ina fama da farcen nan na babban yatsan hannun damansa. Ya yaga mini gidan sauro uku, ya tsinke zaren mayafina, in na yi magana sai ya ce, "Ke dai bar shi, Maman yara, shi ke ciyar da mu."

Kuma da gaskiyarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a ɗakin binciken da ake haɗa manyan batura masu ruwa. Ruwa iri biyu ne a ciki, kowanne da sinadarin banadiyam, sai a raba su da wata 'yar leda da za ta bar wuta ta ratsa amma ta hana su gauraya. Ledar nan suke ta ƙoƙarin ingantawa. A narke ake zuba ta kan gilashi, in ta bushe ta fi ɓawon albasa siranta. Ɓamɓaro ta shi ne jidali. Reza yaga ta take yi, daktocin kimiyyar wurin duk sun gwada sun kasa. Shi kuwa sai ya zura farce a gefe ya ɗago ta sumul. Ba shi da takardar komai, amma sau biyu ana rage ma'aikata ana tsallake shi saboda wannan.

Ran Lahadi ya ɗauki jikarmu, farcen ya karce ta a ƙasan ido, har da jini. Na haɗiye. Da ya kishingiɗa bayan azahar na ɗauko almakashi, ƙat. Na san Litinin za su ɗaga ledar da suka yi wata shida suna haɗawa. Sarai na sani, raina ne ya gama ɓaci.

Da ya farka ya daɗe yana kallon yatsan. Ko faɗa bai yi mini ba, mutumin nan, ya bar ni da baki cike da amsa.

Washegari ya dawo da wuri, ya zauna bakin gado da takalmansa.

Na ce, "Ta yage?"

Ya ce, "Ba ta yage ba. Wata sabuwar dakta ce ta tsoma gilashin a ruwan ɗumi, ledar ta taso da kanta. Minti biyar. Har tafi aka yi mata."

"To alhamdulillahi, ai shi ke nan."

"Shugaba ya ce in huta gobe." Ya shafa gundulmin farcen. "Bai dai ce in zo jibi ba."